Yadda ake shirya wa jarrabawar izinin koyon tuƙi ta hanyar bin kurakuran gwaji

Yawancin masu shirin jarrabawar izinin koyon tuƙi abu ɗaya suke yi: su buɗe tambayoyin gwaji a waya, su amsa, su duba maki, su sake buɗe wasu. In makin ya hau su yi murna, in ya sauka su ce yau kai bai ɗauka ba. Tambayoyin da suka kayar da su kuwa, waɗanda su ne ainihin karatun, sai a bar su a baya ba a ko waiwaye su ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya yi gwaji barkatai, amma tambaya irin wadda ta saba kayar da shi ta zo ranar jarrabawa da wasu kalmomi daban, ta sake kayar da shi.

Maki yana gaya maka yawan abin da ka ci ne kawai. Ba ya gaya maka dalilin da ya sa ka rasa sauran, kuma dalilin shi ake gyarawa. Ga yadda ake yi.

Kafin ka amsa tambaya ko ɗaya

Nemi littafin dokokin hanya na hukumar da za ta yi maka jarrabawa, bugun da ake aiki da shi yanzu. Daga cikinsa ake ciro tambayoyi, kuma shi ne alƙali idan wata manhaja ko wani tsohon direba ya faɗi abin da ya saɓa masa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin intanet cike take da tambayoyin gwaji na ƙasashe daban-daban, dokoki kuwa ba ɗaya ba ne. A mafi yawan Amurka an yarda direba ya yi kwana dama a jar danja bayan ya tsaya cak ya duba, amma a birnin New York haramun ne sai inda alama ta ba da izini. A Birtaniya da Japan ta hagu ake tuƙi, don haka tambayar hannun da ake bi a shataletale amsarta a juye take da ta ƙasashen da ke bin dama. Wanda ya yi wata guda yana gwaji da tambayoyin wata ƙasa, kuskure ya haddace da hannunsa.

Sannan ka san tsarin jarrabawar: tambaya nawa, minti nawa, nawa ake bukata a ci, kuma ko akwai sashen da ke da nasa sharaɗi. A jihar New York tambayoyi 20 ne, ana son ka ci 14, amma dole biyu daga cikin tambayoyi huɗu na alamomin hanya su kasance a cikin waɗanda ka ci. A Jamus makin kuskure ake ƙirgawa, kowace tambaya da nauyinta, kuma faɗuwa a tambayoyi biyu masu nauyin maki 5 ta isa ta kayar da mutum ko da ya ci sauran duka. Sanin irin wannan shi zai nuna maka kuskuren da ya fi tsada.

Mataki na 1: gwajin farko, da alama uku

Karanta littafin sau ɗaya, karatu na tsakaici, kada ka tsaya hadda. Daga nan ka zauna ka yi cikakken gwaji kamar a ɗakin jarrabawa: agogo na tafiya, littafi a rufe, ba leƙen amsa.

Ƙarin da za ka yi ɗaya ne. Ajiye takarda a gefe, kowace tambaya ka rubuta lambarta ka sa mata harafi kafin ka ga sakamako: T idan kana da tabbas, S idan kana shakka tsakanin amsa biyu, K idan kintata kawai ka yi.

Ga abin da ya sa. A ce tambayoyi 50 ne, kowacce da zaɓi huɗu. Ka san amsar 36 sarai. Sauran 14 kuwa ka iya cire zaɓi biyu da ka ga ba su yi kama ba, ka canki ɗaya cikin biyun da suka rage. A lissafi kusan rabi za su faɗa daidai, wato bakwai. Makinka ya zama 43, wanda shi ne daidai makin cin sashen tambayoyi na jarrabawar Birtaniya. Allon waya zai yi maka barka, alhali akwai dokoki 14 da ba ka sani ba, bakwai daga ciki ma sun ɓuya a cikin waɗanda aka ce ka ci. Don haka duk tambayar da ka sa wa S ko K, ko ta faɗa daidai, kuskure ce a lissafinmu.

Mataki na 2: littafin kurakurai

Ware littafin rubutu guda don wannan aiki kaɗai. Na fi son takarda da biro a kan ɗaukar hoton allo, saboda hoton allo tara shi ake yi, ba a komawa kansa. Rubutu da hannu kuwa yana tilasta maka ka taƙaita, taƙaitawa kuma ba ta yiwuwa sai ka fahimta.

Kowane kuskure a ba shi layi biyar: tambayar a taƙaice, abin da ka zaɓa, amsar gaskiya, abin da ke ranka lokacin da ka zaɓa, da shafin littafin hukuma inda dokar take. Misali:

Tambaya: in gudun mota ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata kafin ta tsaya ya zama yaya?
Na zaɓa: ninki biyu. (T)
Amsa: ninki huɗu.
Abin da ke raina: na ɗauka gudu da nisan birki tare suke hawa, kafaɗa da kafaɗa.
Shafi: sashen gudu da tazara.

Layi na huɗu shi ne mafi wuya kuma shi ne mafi amfani. Kada ka rubuta “na yi kuskure” ko “ban kula ba”. Wannan ba dalili ba ne, maimaita labarin ne. Tuna tunanin da ya kai hannunka kan wannan zaɓi, ka rubuta shi ko da ya ba ka kunya. Kuma ka yi wannan aiki nan take bayan gwajin. In ka bari sai gobe, za ka tuna amsar amma tunanin da ya ɓatar da kai ya tsere.

Mataki na 3: rarraba su bisa dalili

Nan ne aikin ya fi nauyi, nan ne kuma ya fi riba. Kurakuran gwaji ba iri ɗaya ba ne, kowane iri da maganinsa. Wanda ya ba su magani ɗaya, wato sake karanta littafin daga bango zuwa bango, ɓata lokacinsa yake yi.

Iri na farko: ban taɓa sani ba. Alamar da ba ka taɓa gani ba, ko dokar da ka tsallake. Wannan mai sauƙi ne. Je ka karanta sashen, ba layin amsar kaɗai ba, har da abin da ke gabansa da bayansa, domin inda ka tsallake abu ɗaya galibi ka tsallake maƙwabtansa.

Iri na biyu: na sani, amma a karkace. Waɗannan su ne masu harafin T da suka faɗi, kamar misalin birkin nan. Su ne suka fi haɗari, a jarrabawa da kuma a titi, saboda ba ka da dalilin tsayawa ka yi shakka. Sau da yawa daga kallon direbobi suke fitowa. Ka girma kana ganin mutane suna rage gudu kawai a alamar tsayawa su wuce, sai ka ɗauka haka doka take, alhali doka ta ce a tsaya cak sai tayoyi sun daina juyawa. Jarrabawa abin da ke rubuce take tambaya, ba abin da aka saba yi ba. Labari mai daɗi shi ne, binciken Butterfield da Metcalfe na 2001 ya nuna cewa kuskuren da mutum ya yi cikin tabbas ya fi saurin gyaruwa idan aka nuna masa amsar, wataƙila saboda mamakin da ya ji yana sa hankalinsa ya tsaya a wurin. Sai dai binciken da ya biyo baya ya nuna irin wannan kuskure yakan dawo bayan kwanaki idan ba a sake gwada mutum ba. Don haka ka sa musu jan biro, za mu dawo kansu.

Maganinsu shi ne neman dalilin dokar. Nisan birki yana hawa ne da gudu sau gudu. Alƙaluman littafin dokokin hanya na Birtaniya sun nuna haka ƙarara: a gudun mil 30 a awa birki na cin mita 14, a mil 60 kuwa mita 55, kusan ninki huɗu. Nisan da mota ke tafiya kafin ƙafarka ta kai kan birki shi ne yake ninka biyu kawai, daga mita 9 zuwa 18. Da zarar ka ga abubuwa biyu ne aka haɗa, ɗaya na tunani ɗaya na birki, duk yadda aka juya tambayar ba za ta kayar da kai ba.

Iri na uku: na rikita abu biyu masu kama. Hana tsayawa da hana fakin. Layi ɗorarre da layi mai yanke-yanke. Alamar “tsaya” da ta “ba da hanya”. Jar fitila mai ƙyaftawa da rawaya mai ƙyaftawa. Kada ka karanta su ɗaya bayan ɗaya a ranaku daban. A shafi ɗaya za ka ajiye su, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ka rubuta a tsakiya abin da ya raba su cikin jimla ɗaya.

A kan alamomi, koyi siffa da launi kafin hoto. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan alamomin hanya, wadda ƙasashe da yawa ke bi, ta tsara su dangi-dangi: alwatika mai jan baki gargaɗi ce, da’ira mai jan baki hani ce, shuɗiyar da’ira umarni ce, alwatika da aka kifa kanta ƙasa “ba da hanya” ce, ja mai kusurwa takwas kuma “tsaya”. Amurka da wasu ƙasashe suna amfani da rawayar alama mai kusurwa huɗu da aka tsayar a kan tsini don gargaɗi. Kibiya a cikin shuɗiyar da’ira tana cewa bi nan dole. Kibiyar da aka ja wa layi a cikin jar da’ira tana cewa kada ka bi nan. Wanda ya san dangin alama, ko bai taɓa ganinta ba ya riga ya cire rabin zaɓin.

Iri na huɗu: na san dokar, tambayar ce ban karanta ba. “Wanne ne BA a yarda da shi ba?” Ido ya tsallake “ba”, hannu ya danna abu na farko da ya ga daidai ne. Haka “sai dai”, “mafi ƙaranci”, “da farko”, “koyaushe”. Akwai kuma tambayar da ke son amsa fiye da ɗaya, da wadda amsoshi biyu duk gaskiya ne amma ana son wadda ta fi kare rai. Karatun littafi ba ya maganin wannan ko kaɗan. Sauri ne ya haifi nawa. Abin yi: rufe zaɓin da hannunka, karanta tambayar har ƙarshe, faɗi amsarka a zuci, sannan ka buɗe ka karanta zaɓin duka huɗu ko da na farko ya yi maka. A littafin kurakurai ka keɓe shafi ka jera kalmomin da suka taɓa yi maka tarko. Za ka yi mamakin ƙarancinsu, da yawan maimaituwarsu.

Iri na biyar: lamba ta kuɓuce. Iyakar gudu a cikin gari da babbar hanya, tazarar fakin daga mararraba, iyakar barasa a jini, shekarun da yaro ke bukatar kujera ta musamman. Waɗannan hadda ce, ba makawa, kuma su ne suka fi bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Hatta tazarar da ake bari tsakanin mota da mota, wasu littattafan daƙiƙa biyu suke cewa, wasu uku. Abin da naka ya ce shi za ka riƙe. Tattara lambobin duka a shafi ɗaya, kuma inda za ka iya, ka ba lambar jiki. Raba gudu da 3.6 ka samu mita a daƙiƙa: kilomita 50 a awa kusan mita 14 ne duk daƙiƙa, kilomita 100 kusan mita 28. Daga nan “daƙiƙa biyu” ta daina zama kalma, ta zama mita 56 na kwalta a gudun kilomita 100.

Tambayoyin wa zai fara wucewa a mararraba suna iya faɗawa kowane iri cikin biyar ɗin, kuma su ne na ga sun fi cancantar a zana. Ja mararrabar a takarda, ɗauki murafan biro ko tsabar kuɗi ka mai da su motoci, ka motsa su da hannu kana faɗin dalili da baki: wannan yana kan babbar hanya, wannan zai yanke hannun mai tahowa, wancan mai tafiya a ƙasa ne ya riga ya hau layin tsallakawa. Sannan ka sauya wa motarka wuri ka sake yi.

Mataki na 4: kati da tazarar kwanaki

Tun 1885 masanin nan na Jamus Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa’o’i da kwanakin farko bayan koyo, sannan ta lafa. Ke nan gyaran da ka yi yau ba ya zama sai an taɓa shi gobe, an sake taɓa shi bayan kwanaki.

Mai da kowane kuskure kati: tambaya a gaba, amsa da dalilinta a baya. Yi amfani da tsarin akwati da Sebastian Leitner ya yaɗa a 1972, ko da ambulan uku ne. Na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da ka ci ya matsa gaba. Wanda ka faɗi ya koma na farko, ko daga ina yake. Masu jan biron nan kada su fita daga ambulan na uku sai sun tsallake mako biyu a jere.

Sharaɗin dai shi ne ka faɗi amsar da bakinka kafin ka juya katin. Juyawa da wuri a ce “ai na sani” yaudarar kai ce. Masu bincike Roediger da Karpicke sun gwada wannan a 2006: ɗaliban da suka yi ta maimaita karatun rubutu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda aka sa su tuno abin da suka karanta da ka, ba tare da duba takarda ba, su suka yi gaba. Maimaita karatu ya fi daɗi, shi ya sa ake son sa. Wahalar tunowar ce take dasa abu.

Minti ashirin zuwa talatin kullum sun fi zaman awa huɗu ranar hutu.

Mataki na 5: juya tambayar

Akwai wata cuta da ke kama mai yawan gwaji a manhaja ɗaya. Yakan haddace tambayar da kanta: da ya ga hoton jar mota a kwana, ya san amsar ita ce ta uku, mai tsawon nan. Makinsa zai kai ɗari bisa ɗari, dokar kuwa ba ta shiga ba.

Gwada kanka haka. Ɗauki kati, ka sauya abu ɗaya a cikin tambayar. In da rana ne, mai da shi dare. In titi a bushe yake, sa ruwan sama. In kai ne a cikin shataletale, mai da kanka mai shirin shiga. Amsar ta sauya? Me ya sa? Sannan ka bi zaɓi ukun da ba daidai ba, ka faɗi laifin kowanne. Idan akwai wani kusa, ba shi littafin kurakuran ya riƙa tambayarka da kalmominsa, ba bisa jeri ba. Ba sai ya iya tuƙi ba; wanda bai iya ba ma ya fi, domin zai ce “me ya sa?” kuma dole ka amsa.

Wani lokaci za ka tarar amsar manhajar ce ba daidai ba, ko ta tsufa an sauya dokar. Yana faruwa. Duba littafin hukuma, rubuta shafin, ka wuce.

Mataki na 6: sabon gwaji, da ƙirga abin da ya kamata

Kada ka yi cikakken gwaji kullum. Sau biyu a mako ya isa, da tambayoyin da ba ka taɓa gani ba, da alamomin T, S da K kamar na farko. Sauran ranakun na kati ne da littafi. A ƙa’ida, lokacin da za ka ɓata wajen bin kurakuran gwaji ya kamata ya fi wanda ka ɓata wajen amsa shi.

Bayan kowane gwaji ka ƙirga abu biyu. Na farko, kurakurai ta fanni: alamomi nawa, mararraba nawa, gudu da tazara nawa, fakin nawa. Fannin da ya fi tara shi ne karatun makon. Na biyu, kurakurai ta iri. Idan iri na farko da na biyar suna raguwa amma na huɗu yana nan, ba ƙarin karatu kake bukata ba, rage gaggawa kake bukata. Idan kuskure ɗaya ya dawo sau uku, bayanin da ka rubuta masa ne bai kama ba. Goge shi ka nemi wata hanyar fahimta, zane ko bidiyo ko malamin tuƙi.

Yaushe ka shirya? Ga ma’aunin da na ga ya fi gaskiya: ƙirga tambayoyin da ka sa wa T kuma ka ci, su kaɗai. Idan adadinsu ya haura makin cin jarrabawa a gwaji uku a jere, na sababbin tambayoyi, je ka yi rajista. Abin da shakka da kintace za su kawo ya zama rara, domin ɗakin jarrabawa da faɗuwar gaba sukan ci wa mutum maki biyu ko uku.

Kwana biyun ƙarshe

Ajiye sababbin gwaje-gwaje. Gwajin da aka faɗi a daren jarrabawa ba ya koyar da komai sai tsoro. Bi littafin kurakurai daga farko, shafin lambobi, shafin tagwayen da ke rikita ka, da shafin kalmomin tarko. Haɗa takardun da hukumar ta ce a zo da su tun da yamma, har da tabarau idan kana sawa, tunda wurare da yawa suna haɗawa da gwajin ido. Ka yi barci.

A ɗakin, in tsarin ya yarda a tsallake tambaya a dawo, tsallake mai wuya ka dawo mata. Kada ka sauya amsa don kawai zuciya ta raya maka. Sauya ta idan ka iya faɗin dalili, kamar ka ga “ba” ɗin da ka tsallake.

In kuma ba a ci ba a wannan karo, kafin ka bar harabar ka fito da takarda ka rubuta duk tambayar da ka tuna ta ba ka wuya, da fannonin da takardar sakamako ta nuna in an ba ka. Tambayi kwana nawa doka ta ce a jira kafin a sake zama, ka koma gida ka shigar da su littafin kurakurai a mataki na 2.